Karatun Hoto: Tsofaffin Kayan da Aka Yar



Kun koyi baƙaƙe. Kun koyi haɗa su su zama kalma. Yanzu kuna iya karanta wasiƙa da takardar likita da rasit na kasuwa. Yau za mu koyi wani karatu na daban, shi ne karatun hoto.

Wani zai ce: "Malam, hoto ma sai an koya? Ai duk mai ido ya gani." Gaskiya ne, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma hoto yana nuna guntun abu ne kawai, sauran kuma mutane su cika da bakinsu. In ba mu iya karanta shi ba, sai a gaya mana abin da aka ga dama mu yarda.

Za mu ɗauki hotuna iri guda mu yi darasi da su, wato hotunan kayan da aka yar: fasasshen tulu, tsohon takalmi, rumbun da ya rushe, fanfon da ya mutu. Baƙi suna son ɗaukar irin waɗannan hotuna a ƙasarmu. Mu ma yanzu muna ɗauka da wayar salula, muna aika ma juna.

Abin da ya kawo wannan darasi

Wata rana wani ɗalibi ya zo aji da hoto cikin wayarsa. An aiko masa ta WhatsApp. Cikin hoton akwai fasasshen tulu bisa busasshiyar ƙasa, kusa da shi ga takalmin roba ƙafa guda. Ƙarƙashi an rubuta cewa yunwa ta kori mutanen garin, sun gudu sun bar kayansu.

Aji ya yi tsit. Wasu suka fara salati. Waya tana ta yawo hannu zuwa hannu, har ta kai ga wata dattijuwa da ke zama can baya. A lokacin ko sunanta ba ta gama iya rubutawa ba. Ta kawo wayar kusa da ido, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta ce:

"Malam, wannan tulu ba yar da shi aka yi ba. Ku dubi duwatsu uku da aka tokare shi da su. Ku dubi sawun kaji kewaye da shi. Wurin shan ruwan kaji ne. Inda kaji ke shan ruwa kuwa, akwai mai zuba masu."

Muka duba, haka ne. Mu mun karanta rubutun, ita ta karanta hoton. Daga ranar na tsara tambayoyi shida da ya kamata ku yi ma kowane hoto irin wannan. Ga su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta 1: Mi na gani da idona?

Kafin ku ce komai, ku lissafa abin da ke cikin hoton, kamar yadda kuke lissafa kayan lefe. Tulu guda. Duwatsu uku. Takalmi ƙafa guda. Sawun kaji. Ƙasa busasshiya.

Ku lura, cikin lissafin nan babu "yunwa", babu "gudu". Waɗannan ba a gan su ba, zato aka yi. Ku raba takardarku biyu. Gefe guda ku rubuta "abin da na gani". Ɗaya gefen ku rubuta "abin da nake zato". Wanda ya iya raba waɗannan biyu ya ci rabin darasin.

Rubutun da ake sawa ƙarƙashin hoto shi ma ba hoton ba ne. Mutum ne ya rubuta shi. Wani lokaci mai rubutun bai taɓa taka garin ba. Ku rufe rubutun da yatsa, ku dubi hoton tukuna, sannan ku buɗe ku karanta.

Tambaya ta 2: Da gaske an yar da shi?

A ƙasarmu abu yana da wuyar mutuwa. Tulu in ya fashe, a ba kaji ruwa a ciki, ko a ɗebo wuta da guntunsa. Ƙwarya in ta tsage, a kai ma gyartai ya ɗinke. In ta wuce ɗinki, ta zama sakaina, a kwashe shara da ita. Tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga. Tsohon buhu ya zama igiya ko shimfiɗa. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako ta Yamai ya ga yadda ake narka tsohon ƙarfe a zuba tukwane, ake buga tsofaffin duro su zama akwati da murhu. Baƙon da bai san wannan ba, in ya ga tarin tsofaffin kaya sai ya ce juji ne. Ga mai sana'a kuwa jari ne.

Akwai kuma kayan da aka bari don an samu waɗanda suka fi su. Mata da yawa sun aje tulu sun ɗauki bido, wato jarka, don ba ya fashewa kuma ana ɗora shi bisa amalanke. An aje aci-balbal da fitilar ƙwai, an koma ma fitilar batir da ta hasken rana. An aje rediyo mai kaset, yanzu wa'azi da waƙa duk cikin waya suke. Hoton tsohuwar fitila a bayan ɗaki yana iya nufin talauci, yana kuma iya nufin mai gidan ya sayi sabuwa. Hoton shi kaɗai ba zai gaya muku wanne ne ba.

Tambaya ta 3: Yaushe aka ɗauka, kuma a ina?

Ku ɗauki hoton rumbu babu komai ciki. In an ɗauke shi a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ake jiran sabon hatsi, ba abin mamaki ba ne. In an ɗauke shi a watan Nuwamba, bayan kaka, to wannan babban labari ne, shekara ba ta yi kyau ba. Rumbu guda, hoto iri guda, amma wata ya bambanta su.

Shekara ma haka take. Manyanmu suna tuna 1984. Ruwa bai zo ba, bisashe suka mutu, Najeriya kuma ta rufe iyakarta a zamanin Janar Muhammadu Buhari. Shi ya sa mutane suka sa ma yunwar suna El Buhari. An ɗauki hotuna da yawa a lokacin: gonaki sun zama fako, an aje kayan noma an tafi neman abinci. Hotunan nan gaskiya ne, amma gaskiyar 1984 ce.

Ku duba abin da ya biyo baya. A 1989 wani aikin raya karkara na FIDA ya kai waɗansu manoman ƙasar Illela ziyara Yatenga, a Burkina Faso. Can suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka cikin fako tun da rani, a zuba taki a ciki. In ruwa ya sauka sai ya tsaya cikin ramin, gara kuma ta huda ƙasar, ruwa ya shige. Suka dawo suka gwada. Ita ce tassa da muka sani. A wajen Badagishiri da ƙauyukan da ke kewaye, fakon da aka yar ya koma gona, har mutane suka riƙa sayen fako da kuɗinsu don su gyara.

To, in yau wani ya ɗauko hoton 1984 ya ce ga halin da Illela take ciki, ya yi ƙarya, ko da hoton nasa na gaskiya ne. Hoton da ba shi da shekara da sunan wuri kamar wasiƙa ce marar kwanan wata. Ku riƙe shi da hannu biyu kafin ku yarda da shi.

Tambaya ta 4: Mi aka bari waje?

Hoto yana da gefe huɗu. Duk abin da ke bayan gefen nan an yanke shi. Mai ɗaukar hoto shi ke zaɓar abin da zai shiga da abin da zai fita.

Ku gwada yanzu. Ku haɗa yatsunku su yi kamar ƙaramar taga, ku leƙa ta ciki. Ku nufi kusurwar ajin da babu kowa. Abin da kuka gani, aji ne wofi. Ku juya kaɗan, ga mutane cike. Haka na'urar hoto take yi.

Ga misali wanda kowa ya sani: fanfon tuƙa-tuƙa da ya mutu, ko na hannu ko na takawa da ƙafa. Tsatsa ta ci shi, awaki suna kwance gindinsa. Mai kallo daga nesa zai ce: "Mutanen nan ba su kula da abin da aka ba su." Amma mi ya kashe fanfon? Wataƙila wani ƙaramin ƙarfe ne ya lalace, ba a samunsa sai Tawa ko Ƙonni. Wataƙila kwamitin ruwa ya tara kuɗi wani ya cinye. Wataƙila ruwan ne ya yi ƙasa. Wataƙila kuma garin ya samu babban tankin ruwa da fanfuna, yana nan taku hamsin daga wurin, mai hoton ya ba shi baya.

Dalili huɗu ke nan, kowane da maganinsa daban. Hoton bai nuna ko ɗaya ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin irin hoton nan yana shiga takardun ma'aikata, kuma da takardun nan ake shawarar garin da za a taimaka da garin da za a tsallake.

Tambaya ta 5: Wa ya ɗauka, don mi, kuma ya taɓa kayan?

Bari in ba ku labarin da ya faru a Amurka. Su ma sun ga fari. A 1936 ruwa ya ƙi zuwa a tsakiyar ƙasar, gonaki suka bushe. Gwamnatin shugaba Roosevelt ta aika masu ɗaukar hoto su nuna ma jama'a halin da manoma ke ciki. Cikinsu akwai wani saurayi, Arthur Rothstein. A jihar Dakota ta Kudu ya tarar da ƙoƙon kan sa, rana ta gasa shi ya yi fari fat. Ya ɗauki hotonsa bisa ƙasa mai tsattsagewa. Ya kuma matsa da shi taku kaɗan, ya sake ɗauka a wani wuri mai ɗan haki.

Hoton ya shiga jaridu. Daga baya wata jarida ta garin Fargo ta lura cewa ƙoƙon kai guda ne ke fitowa a wurare daban-daban. Ta ce hoton haɗi ne. Abokan hamayyar gwamnati suka samu abin faɗa, suka ce da ƙarya ake neman goyon bayan jama'a.

Ku lura da kyau. Farin gaskiya ne, manoma suna shan wahala da gaske. Amma da yake an matsa da ƙashin nan ba a faɗa ba, masu musu suka samu ƙofa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Don haka ku duba alamu. Takalmi ya zauna daidai kusa da tulu kamar an jera su? Abin da ya daɗe a wuri guda, iska tana tara masa rairayi a gefe, wani lokaci haki ya fito kewaye da shi, ko gizo-gizo ya yi saƙa. In ƙura ta rufe komai amma abu guda yana tsaf, to hannu ya taɓa shi. Jera kaya don a ɗauki hoto ba laifi ba ne, in an faɗa. Laifin shi ne a jera, a ce haka aka tarar.

Tambaya ta 6: Ina mai kayan?

Kowane tsohon abu yana da mai shi. Wani ya saye shi da guminsa, wata ta yi shekaru tana aiki da shi.

Wani Ba'amurke mai suna Tom Kiefer ya yi aikin shara daga 2003 zuwa 2014 a wani ofishin masu tsaron iyaka, a jihar Arizona, kusa da ƙasar Meziko. Can ake tsare mutanen da suka ratso hamada suna neman shiga Amurka. In an kama su, ana karɓe ƙananan kayansu a zuba cikin shara: mataji, sabulu, buroshin haƙori, igiyar takalmi, carbin Kirista, ƙaramin littafin addu'a. Daga 2007 ya fara tsince kayan nan. Ya jera su, ya ɗauki hotunansu, ya sa ma aikin suna da harshen Sifaniyanci, ma'anarsa Mafarkin Amurka.

Shi bai ɓoye cewa ya jera su ba, kowa ya gani ya san jeri ne. Babu fuskar kowa cikin hotunan. Amma in ka ga mataji da yawa a jere, sai ka tuna kowane guda akwai kan da yake tajewa. Wannan shi ne ƙarfin aikin. Ana kuma iya yi masa tambaya: hotunan sun fito da launi mai kyau, ana rataye su a manyan ɗakunan kallo, masu kayan fa, suna ina? Sun san an nuna kayansu? Mai karatun hoto yana iya yaba aiki, ya kuma yi masa irin wannan tambaya.

Mu mutanen Tawa mun san tafiya, kusan kowane gida akwai ɗan cin rani. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada, arewa da Arlit, bisa hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara. Saboda haka in an aiko muku hoton bido wofi ko takalmin yaro yashe cikin rairayi, kada ku mai da shi abin wasa, kada ku yi ta aikawa don nishaɗi. Wataƙila akwai uwar da har yau take jiran mai takalmin.

A gida ma haka ne. Kafin ku ɗauki hoton rusasshen ɗakin wani, ko tsofaffin kwanonin matarsa, ku nemi izini. Abin da kai ka gani abin sha'awa, wani yana ganinsa tonon asiri.

Yanzu sai kyaun hoton kansa

Bayan gaskiya, akwai iyawa. Hoto yana iya zama na gaskiya amma bai fito ba. Ga abubuwa huɗu da za ku duba.

Na farko, haske. Da hantsi ko da la'asar rana tana gefe, inuwa tana tsawo. Lokacin ne tsagar tulu da zanen ƙwarya suke fitowa sosai. Da tsakar rana haske yana dukan abu daga sama, komai ya yi fari, ya baje. Mai ɗauka ya sa rana a bayansa ko a gefensa. In ya fuskance ta, abin zai fito baƙi.

Na biyu, kusanci. In an tsaya nesa, tulun ya zama ɗigo, ba a san abin da ake son nunawa ba. In an matso ƙwarai, an yanke duwatsu da sawun kaji, labarin ya ɓata. Hoto mai kyau yana nuna abin, yana kuma barin ɗan wurin da yake zaune.

Na uku, tsayuwa. Abin da ke ƙasa, in ka ɗauke shi kana tsaye, zai fito ƙanƙane kamar shara. In ka durƙusa ka daidaita da shi, sai ya fito da girmansa.

Na huɗu, abin da ke baya. In bayan abin cike yake da tarkace, ido ba ya sanin inda zai tsaya. Katangar ƙasa ko fili sun fi. Kuma a goge idon wayar da tsumma mai laushi, musamman lokacin hazo, domin ƙura tana sa hoto ya yi dishi-dishi.

Yadda ake faɗin ra'ayi

In ɗan'uwanku ya nuna muku hoton da ya ɗauka, kada ku tsaya ga "ya yi kyau" ko "bai yi ba". Wannan ba ya ƙara masa komai. Ku fara da abin da kuka gani. Ku faɗi abin da ya yi daidai da dalilinsa. Sannan ku faɗi abu guda da zai gyara. Misali: "Na ga ɗinkin ƙwaryar ya fito sosai, don hasken yana gefe. Amma ka yanke bakinta. Da ka ja baya taku ɗaya, da an gan ta duka." Hoto ake gyara ma, ba mutum ake zagi ba. Wanda aka yi ma gyara shi ma ya saurara har ƙarshe kafin ya ba da amsa.

Ƴan'uwa, ku kun fi kowane baƙo sanin kayan nan. Kun san tulun da aka yar da wanda aka tokare ma kaji. Kun san watan da rumbu ke zama wofi. Abin da ya rage muku da shi ne rubutu, yanzu kuma kun same shi. Duk hoton da kuka ɗauka, ku rubuta masa layi uku: mi ne ne, a ina, wace rana. Duk hoton da aka aiko muku, ku yi masa tambayoyin nan shida kafin ku aika ma wani. Allah ya ƙara mana sani mai amfani.

Tambayoyi

1. Mi dattijuwar nan ta gani cikin hoton da sauran ƴan aji ba su gani ba?
2. Mi ya bambanta "abin da na gani" da "abin da nake zato"?
3. Don mi ya kamata a san watan da aka ɗauki hoton rumbu?
4. A wace shekara manoman Illela suka je Yatenga, kuma mi suka koyo?
5. Wane kuskure Arthur Rothstein ya yi a 1936?
6. Wane lokaci na yini ya fi dacewa da ɗaukar hoton tsohon tulu? Don mi?

Aikin gida

Ku nemi wani tsohon abu da aka daina aiki da shi a gidanku. Ku tambayi babba a gidan: wa ya saye shi, yaushe, don mi aka aje shi? Ku rubuta amsar cikin layi biyar. Mai waya ya ɗauki hotonsa sau biyu, ɗaya da tsakar rana, ɗaya da la'asar. Marar waya ya zana shi cikin littafinsa. Ku kawo aji ranar darasi na gaba, mu karanta tare.